Sunan Kadan Babana

Ranar Litinin na mayar wa Cuthbert Raine zobensa, a teburin shayi, a gaban Mama da Goggo Prudence. Ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba. Na zare shi na ajiye a gefen farantinsa. Tun daga ranar garin Skelwick ya rabu biyu a kaina: masu cewa na zautu, da masu cewa dama jinin gidanmu haka yake. Ku da kuke biye da ni, ga yadda aka yi. Zan faɗa muku kamar yadda nake rubuta labarin kotu, ba ƙari ba ragi.

Sunana Lavinia Theaker. Shekaruna ashirin da bakwai a bana, 1868. Ina aiki a jaridar mako-mako ta garinmu, nan bakin tekun Yorkshire. Ni nake gyara kurakuran ɗab'i, ni nake rubuta shigar jiragen ruwa da fitarsu da hukuncin majistare, kuma ba a taɓa sa sunana a ƙarƙashin ko layi ɗaya ba. Mahaifina shi ne Likita Enoch Theaker, wanda ya rasu bara da kaka.

Likita ne a takarda. A zahiri marasa lafiya sun fi saninsa da jira. Da zarar teku ta janye sai ya ɗauki guduma ya nufi gindin dutsen Hob, yana fasa duwatsu yana neman ƙasusuwan halittun da suka mutu tun kafin a yi mutum, suka koma dutse. Ina ƙarama aka yi wata guguwa, gefen dutsen ya zube, Baba ya ga haƙora jere a cikin laka. Sai da aka fasa tagar ɗakin baya kafin ƙwarangwal ɗin ya shiga gidanmu, a kan katako, dawakai suna ja. Tsawonsa ya cika ɗakin. 'Yan gari suka sa masa kadan Likita. Baba ya gaji da cewa ba kada ba ne, filafilai gare shi ba ƙafafu ba, ramin idonsa kamar faranti, kuma kansa bai yi kama da na ko ɗaya daga cikin waɗanda aka taɓa haƙowa ba. Sunan ya bi shi duk da haka.

Sama da shekara ashirin Baba yana kansa da allura da buroshi. Manyan masana suka riƙa zuwa daga Landan, ya ba su shayi, ya bar su su kalla, ya hana su zana ko ƙashi ɗaya. In suka ce, "Likita, yaushe za ka buga?" sai ya ce, "Saura haƙori ɗaya." Ni na zana masa komai. Kan kaɗai ya ci mini hunturu biyu. Bayanin kuma shi ya riƙa faɗa ina rubutawa, har muka kai ƙarshe. Ya ce zai sake dubawa sau ɗaya. Sanyin bakin teku ya kama ƙirjinsa, bai sake dubawa ba.

Abu biyu za ku riƙe, in ba haka ba ku ma za ku ce na zautu.

Na farko, a sana'ar su Baba, sabuwar halitta ana raɗa mata suna da Latin, kalma biyu. Kalma ta biyu ana iya yin ta da sunan wuri ko na mutum, don girmamawa. Amma a bayan kalmomin nan biyu ana rubuta sunan wanda ya fara buga bayaninta, kuma wannan ba ya goguwa. Ba wanda ya haƙo ba, ba wanda ya makance a kanta ba. Wanda ya riga kaiwa maɗaba'a.

Na biyu, dutsen Hob yana da wani ƙyalli a cikinsa kamar tagulla. In ya sha danshi sai ya kumbura ya koma gari. Shi ya sa wutar ɗakin baya ba ta taɓa mutuwa ba, rani da hunturu, tun ina ƙarama.

Da Baba ya rasu aka rufe madubai, aka sauke labule, aka tsayar da agogo. Bayan jana'iza Mama ta buɗe komai ban da ɗakin baya. Ta kulle shi ta rataye makullin a ƙugunta, tare da na ma'ajiyar shayi.

"Yadda ya bar shi haka zai zauna," ta ce. "Ni kaɗai zan shiga."

Na roƙe ta sau da yawa, ta ƙi. Kullum in na tafi aiki take shiga. Bututun hayaƙin ɗakin ɗaya yake da na madafa, saboda haka in na waiwayo daga kan titi na ga hayaƙi, sai hankalina ya kwanta.

Cuthbert ya zo ta'aziyya da fararen furanni. Ɗan mai haɗa magani ne na nan garin, a hannun Baba ya koyi riƙon guduma, daga baya ya samu aiki a wani gidan tarihi a Landan. Ya dawo mana da sabuwar murya da safar hannu ruwan ƙwai. Dogo ne, yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba don mun ɓata. Yana kuma da wani abu da ban saba gani a maza ba: in ina magana yana jira in gama. Ya san sunan kowane ƙashi da na zana. Ya taɓa riƙe hannuna ya dubi tawadar da ke yatsuna ya ce kada in goge. Na tafi gida ranar ban san ta wace hanya na bi ba.

Sai tangaraho. Wasiƙa ba ta ishe shi ba, sai saƙon waya, ana kawowa ƙofar gida maƙwabta suna leƙe.

"Na iso lafiya. A gaida Mama. Ki huta da aiki."

"Hazo a Landan. Ina tuna Skelwick."

"Kada a taɓa takardun Likita. Zan zo da kaina."

Wannan na ƙarshen na ɗauke shi ladabi ne na almajiri ga malaminsa. Na ninke shi na sa a akwatin ɗinkina tare da sauran.

Goggo Prudence, yayar Baba, tana zaune da mu tun kafin a haife ni. Ba ta taɓa aure ba, kuma kurma ce a duk lokacin da ta ga dama. Ita take fara karanta saƙon kafin ya iso hannuna.

"Ke 'yar nan, namijin da zai buga waya don kawai ya ce an yi hazo, ki riƙe shi da hannu biyu. Ni ko tari babu wanda ya taɓa yi mini ta waya."

"Goggo, ba ke kike cewa maza duk wahala ba ne?"

"Na ce. Rashinsu ma wahala ne. Na ɗanɗana ɗaya har na ƙoshi, ke ki ɗanɗana ɗayan ki ba ni labari."

Mama ba ta wasa da maganar. Da safe tana yanka burodi za ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "'Yar gidan fasto ƙanwar bayanki ce, cikinta na biyu ke nan." Ko kuma, "Wa zai ɗauki mace mai warin maɗaba'a in ba wanda ya san ubanta ba?" Da bazara Cuthbert ya nemi aurena, na amsa. Aka ce sai na fita daga baƙin kaya za a sanar a coci.

Ranar Lahadin da ta wuce ce na fita. Na sa riga ruwan toka mai dogon hannu da ƙyalle shuɗi a wuya, karon farko cikin shekara da na ga wani launi a jikina. Mama tana nan cikin baƙinta da farar hular takaba, da maɓallin baƙin dutse mai gashin Baba a ciki. Aka gasa cinyar rago, da dankali da kabeji, aka fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti. Cuthbert ya zo da kwat ruwan ƙasa, gashinsa ya sha mai.

Ana gama cin nama ya miƙe tsaye, ya gyara murya.

"Mama, Goggo, ina da kyautar aure da zan ba Lavinia, wadda ba a sayarwa a shago. Kadan Likita ya daɗe ba suna. Na raɗa masa." Ya faɗi kalmomin Latin ɗin a hankali, sannan ya fassara: "Ma'anarsa, na Lavinia. Muddin ana karatu a duniya, ana kiran sunanki."

Goggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Wasu a ba su sarƙa, ke an ba ki dodo sukutum. Ai kun dace, haƙoranku ma iri ɗaya."

Mama ta ajiye cokalinta. Ta kalle ni da wani irin kallo da ban fahimta ba a lokacin. Ta ce, "Ki yi godiya mana."

Na goge bakina. Na ce, "Cuthbert, bayan kalmomin biyu, sunan wa zai zo?"

"Wannan ai ƙa'ida ce kawai, Lavinia."

"Na san ƙa'idar. Sunan wa?"

"Wanda ya gabatar."

"Wa ya gabatar?"

Ya yi murmushi ya dubi Mama, kamar mai neman a kama masa yaro. "Likita ba ya nan da zai tsaya gaban ƙungiyar masana ta Landan ya karanta. Ke kuma kin san ba sa barin mata su shiga zauren. Dole wani ya ɗauka. Na yi masa godiya a shafin farko, har layi uku."

"Layi uku," na ce.

"Wai me take cewa?" in ji Goggo. Kurumtar ta motsa.

"Cewa take ta gode," Mama ta ce. "A kawo tuffa."

Aka ci tuffa. Na raka shi bakin ƙofa, ya sumbaci hannuna, ya tafi masaukinsa. A tsaye a wurin wata tambaya ta zo mini. In ba ni ba, Baba bai taɓa barin kowa ya zana kan kadan nan ba, har Cuthbert. Kuma ba a raɗa wa irin wannan halitta suna sai da hoton kanta. To da me ya gabatar?

Na samu Mama a falo. Na ce ta ba ni makullin ɗakin baya.

"Yau Lahadi ce."

"Mama, ko ki ba ni, ko in kira kafinta ya cire ƙofar daga jikin bango, yau Lahadin, maƙwabta suna dawowa daga coci."

Ta san zan yi. Ta kwance shi ta ajiye a kan tebur, ba ta miƙo mini a hannu ba.

Sanyi ne ya fara dukana, sannan wari, irin na ashanar da aka ƙyasta ta mutu. Murhun a share yake tas, an goge shi da baƙin mai, an kafa masa fulawar takarda a tsakiya. Ba a hura shi ba tun ranar jana'iza. A gefe ga kwanon ruwa da tsumma. An lulluɓe kadan da baƙin mayafi daga kai har wutsiya, mayafin ya jiƙe ya yi nauyi.

Na ɗaga. Jikin da sauƙi, tsagewa ce nan da can. Kan kuwa ya tafi. Ya kumbura ya dare kamar burodin da ya wuce wuta, fari da rawaya sun fito masa ta kowace tsaga. Haƙoran da Baba ya bi ɗaya bayan ɗaya da allura sun zube cikin garin kansu. Na sa ɗan yatsa a bakin ramin idon, a hankali, ya rushe.

Na buɗe jakar zanena. Haƙarƙari yana nan, filafilai suna nan, wutsiya tana nan. Babu kai.

"Aro ya yi," Mama ta ce daga bakin ƙofa. "Tun kafin ya nemi aurenki. Ya ce zai nuna wa manya. Sirikina ne, in hana shi takarda?"

Na ɗauki bayanin Baba, wanda yake da rubutun hannuna, na wuce ta na hau sama.

Litinin ya zo shan shayi da kwalin alewa. Na bari ya zauna kusa da Mama, Goggo ta zuba masa, ya ɗauki kofi.

Na ce, "Ranar da ka zo ta'aziyya, ka bi ta gaban ɗakin baya?"

"Na bi."

"Duk zuwan da ka yi bayan nan fa?"

"Lavinia, mene ne?"

"Ka ji warin?"

Ya ajiye kofin. Wannan zan ba shi: bai yi ƙarya ba. Ya ce, "Na ji. Wajen Kirsimeti na fara ji."

"Ka san mene ne."

"Na sani."

"Ni hanyata ba ta bi ta can, ƙofar gaba nake fita. Kai ka tsaya a wurin, ka ji, kuma a hannun Baba ka koyi abin da warin yake nufi. Kalma ɗaya za ka faɗa mini."

"In na faɗa miki, ke za ki fasa ƙofa. Mama za ta san daga ina maganar ta fito. Mace tana makokin mijinta, ni baƙo in shigo in ce tana kashe aikinsa? Da ta rufe mini gidan nan. Da na rasa ki."

"Da ka rasa zanen."

"Duka biyun!" Ya ɗaga murya, karon farko tun da na san shi. "Eh, duka biyun. Laifi ne? Dutsen ya riga ya kamu, Lavinia, ko an hura wuta ba lalle ya tsira ba. Zanenki ne kaɗai zai rage, kuma zanenki ya fi dutsen faɗin gaskiya. Shekara ashirin mahaifinki yana zaune a kan abin nan kamar kaza a kan ƙwai. Da ya ƙara shekara ashirin, da haƙori ɗaya zai ce ya rage. Ni na fitar da shi duniya, kuma da sunanki."

"Da sunana a gaba, naka a baya. In mun yi aure kuma nawa ma ya koma Raine. A nemi Theaker a rasa."

"Wai faɗa suke ko soyayya?" in ji Goggo. "A zamaninmu ana ganewa."

Na ce ya dawo mini da zanena. Ya ce yana hannun mai sassaƙa hoto a Landan, mujallar ƙungiya za ta fito mako mai zuwa, an riga an jera shafukan. Wato ranar da ya tsaya a teburinmu yana ba ni kyauta, kyautar ta daɗe da barin hannunsa. A nan ne na zare zoben.

Ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Ina sonki, ko kin yarda ko ba ki yarda ba." Ina jin gaskiya ya faɗa. Ya ɗauki hularsa ya bar alewar. Kafin yamma saƙo ya zo daga tashar jirgin ƙasa: "Ba zan karɓi wannan amsa ba. Ki yi tunani." Goggo ta karanta, ta ce ko yanzu da ita ce da ta bi jirgin da gudu.

Talata na shiga ofishin Mista Leng, mai jaridarmu. Tsoho ne, gajere, kullum da tabarau a goshi yana neman tabarau. Na ajiye masa bayanin Baba da zanen jikin. Na ce jaridarmu tana fita Juma'a, ta Landan sai mako mai zuwa. Ƙa'idar ba ta ce sai mujallar manya ba, ta ce wanda ya fara bugawa aka sayar.

Ya karanta shafi biyu yana motsa leɓe. "'Yar Likita, kina so in cire farashin kifi in sa wannan? Masunta za su ƙone mini shago."

"Shafin baya kawai."

"Babu hoton kan."

"Baba ya siffanta shi ƙashi bayan ƙashi. Duk wanda ya ga hoton Landan daga baya zai san abu ɗaya ne, zai kuma ga kwanan wata."

Ya sauke tabaran, ya yi mamakin ganinsu. "Mahaifinki ya cire mini haƙori sau ɗaya, yana yi yana ba ni labarin haƙorin kifi. Zan jera miki. Amma takardun mamaci na matarsa ne, ko da hannunki ne ya rubuta. Sai Misis Theaker ta ce mini to da bakinta. Ba zan tsaya a kotun da nake buga labarinta ba."

Jiya Laraba na samu Mama a madafa da safe, ta sallami mai aiki kasuwa, tana fere dankali da kanta. Na zauna na ɗauki wuƙa. Na gaya mata abin da Mista Leng ya ce. Na ce ban zo yi mata faɗa a kan ɗakin ba, na san baƙin ciki yana sa mutum ya manta abubuwa.

"Ban manta ba," ta ce.

Na tsaya da wuƙar.

"Wa kike tsammani yake hura wutar nan duk shekarun nan? Ubanki? Shi ko mai aiki ba ya yarda ta shiga ɗakin. Ni ce. Kafin in sa ruwan shayi, kafin in duba ki a gado, sai na durƙusa gaban murhun nan. Ranar da na haifi ƙaninki da bai zo da rai ba, ubanki ya leƙo ya tambayi jikina, sannan ya tambaya ko an tuna da wuta." Ta jefa dankali a ruwa. "Ranar da aka binne shi na ce gwiwata ta huta. Na riƙa shiga ina goge masa ƙura, don kada a ce na yasar. Da warin ya fara na ji. Na ce gobe. Goben ba ta zo ba."

Na ajiye wuƙar. A kotu na koyi cewa in mai shaida ya fara, ba a katse shi.

"Kin san katantanwar dutse nawa ya haƙo ya raɗa wa suna? Akwai ta fasto, da suka shekara ba sa magana. Akwai ta wani Bajamushe da bai taɓa gani ba. Akwai ta mai jirgin da yake kai shi bayan dutse. Har karensa, Lavinia, akwai wani ɗan kifi na karensa. Ni ce dai babu. Ban taɓa roƙa ba, na ɗauka zai tuna. Shi kuma kadan, me ya sa masa a takardar taki?"

"Na dutsen Hob."

"Dutse." Ta yi dariya, gajeriya. "Sai ga wani ya miƙe a teburina ya ba 'yata abin da na jira har na tsufa, ita kuma ta tura masa zobe kamar an ba ta ruɓaɓɓen kifi."

"Mama, sata ce ya naɗe da ƙyalle."

"Na sani. Ba jaka ba ce ni, shekara talatin ina jin maganar nan a kan abinci." Ta goge hannunta a gaban rigarta. "Zan je wurin Leng. Sunan ubanki zai zo a baya, yadda kike so, har abada. Amma kalma ta biyu ba dutse ba. Ki sa Dorcas."

Dorcas sunanta ne. Ban tuna ranar da na ji wani ya kira shi a gidan nan ba.

Na ce, "Bai faɗa ba, Mama. In na sa, na sa masa magana a baki. Mutumin da ko haƙori ɗaya ya ɓace ba ya yarda a cike gurbin da farar ƙasa, sai dai a bar ramin a gani."

"Ke kika rubuta takardar. Wa ya san abin da ya faɗa in ba ke ba?"

"Ni na sani."

"To ki zauna da saninki, Raine ya zauna da kadan."

Ta sa hularta da baƙin mayafi ta fita. Ba ta taka titin kasuwa ba tun bara, mutane suka riƙa cire hula suna matsawa. Na bi ta a baya. A gabana ta gaya wa Mista Leng sharaɗinta, a fili, ba kunya ba rawar murya. In Dorcas ne, ta yarda. In Hob ne, ba ta san da maganar ba, kuma lauya zai ji.

Da ta tafi ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce, "Ni mai ɗab'i ne, 'yar Likita. Abin da kika miƙo mini shi zan jera, ba na tambayar matattu. Amma da asubar Juma'a injin zai tashi, ko da kada ko da farashin kifi."

Yau Alhamis. Shafin baya yana kan teburin dutse a maɗaba'a, an jera shi an ɗaure, ni da kaina na gyara kurakuransa. Kalmar farko tana nan. Theaker yana nan a ƙarshen layi. Tsakaninsu Mista Leng ya bar rami, faɗin babban yatsa, ya ajiye mini akwatin haruffa a gefe.